Me ya sa ganyen shinkafa yake komawa ruwan ɗorawa?

Tambaya: Wani manomin rani daga fadamar Argungu ya ce ganyen shinkafarsa ya fara komawa ruwan ɗorawa makonni kaɗan bayan dashe, kuma yana son ya san ko cuta ce ko ƙarancin taki.

Amsa: Malam, wannan launi dama yana cikin ganyen tun yana kore shar. Kowane ganye yana ɗauke da sinadarin kulorofil mai ba shi launin kore, tare da wasu sinadarai masu launin rawaya da ake kira karotinoyid, irin su lutin, waɗanda suke kare ganyen daga illar hasken rana idan ya yi yawa. A tsakiyar kowace ƙwayar kulorofil akwai maganiziyam ɗaya da naitirojin huɗu kewaye da shi, alhali lutin ba ya ɗauke da naitirojin ko kaɗan. Saboda haka idan naitirojin ya yi ƙaranci a ƙasa, shuka takan rushe koren tsofaffin ganyaye ta kai abin da ta samu ga sababbi, sai rawayar da ke ɓoye ta bayyana.

Don haka ka shiga gonar ka duba inda abin ya fara. Idan ganyayen ƙasa ne suka fara sauyawa daga baki zuwa gindi, shukar ta tsumbure ba ta yin 'ya'ya (wato sababbin tsiro daga gindinta) da yawa, kuma gonar duka ta yi fayau, to yunwar naitirojin ce. Maganinta takin yuriya ne. Yuriya tana da kashi 46 cikin 100 na naitirojin, amma kada a zuba ta lokaci guda. A raba ta biyu, kashi ɗaya sa'ad da shinkafa take 'ya'ya, ɗayan kuma dab da ɗaukar ciki, bayan an yi ciyawa an rage ruwan da ke kwance a gonar, domin ruwa mai gudu yakan tafi da takin. Idan kuwa sababbin ganyaye ne suka fara, a yi zargin ƙarancin salfa ko sinadarin ƙarfe, waɗanda yuriya ba ta maganinsu.

Abin da ya fi damuna shi ne rawaya mai dabbare-dabbare da zane-zane, wadda take bayyana tsibi-tsibi a gona. Wannan alama ce ta cutar bairos da aka fara ganowa a Kenya a 1966, wadda ƙwari da gogayyar ganye suke yaɗawa. Taki ba ya warkar da ita. A tuge shukar da ta kamu a ƙone ta, a share ciyawar bakin gonar, sannan a nemi malamin gona ya zo ya gani kafin a sayi ko da buhu ɗaya.