Kafin Ka Sallama Gidanka, Ka Tambayi Kuɗin Siminti

Assalamu alaikum, Malam. Na karanta tambayarka, inda ka ce kana da gida a Rijiyar Zaki da ke Kano wanda ka saya shekaru huɗu da suka wuce, an yi maka canjin wurin aiki zuwa Abuja, kuma dillalai suna ce maka kasuwar gidaje ta farfaɗo har an taya shi ninkin abin da ka biya, don haka kana son sanin ko yanzu ne lokacin sayarwa. Zan amsa maka da abin da ya same ni, domin na taɓa tsayawa a inda kake tsaye, kuma na yi gaggawar da har yau iyalina suke biyan kuɗinta.

A ƙarshen 2022 na sayar da gidana mai ɗaki huɗu a kan naira miliyan 18, da niyyar in gina wanda ya fi shi a wani fuloti da nake da shi a bakin gari. A lokacin ina sayen buhun siminti a kan kusan naira 4,500, wato kuɗin gidan ya kai buhu 4,000. Ban fara aikin nan take ba, saboda ƙarancin takardun kuɗi da ya biyo bayan sauya fasalin naira a farkon 2023 ya sa biyan magina da leburori ya yi wuya, sai na ce bari in jira al'amura su lafa. Ina cikin jiran aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, sannan a watan Yuni Babban Bankin Nijeriya ya bar kasuwa ta yanke darajar naira. Dalar da take kusan naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024, kuma a watan Fabrairun 2024 buhun siminti ya wuce naira 10,000. Kuɗin da zai sayi buhu 4,000 ya koma ba zai wuce 1,800 ba, rodi da kwano da tipar yashi kuwa duk sun bi sahu. Ginina ya tsaya a linta. Na sha zuwa da yamma in tsaya a cikin kangon, ina kallon ciyawar da ta tsiro a inda na tsara ɗakin mahaifiyata, alhali muna zaune a gidan haya.

Saboda haka ina roƙonka ka bambanta tashin farashi da farfaɗowar kasuwa. Ninkin da aka taya maka ba lallai ne ya zama riba ba, domin hauhawar farashin kayayyaki ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a watan Disamba na 2024 a lissafin hukumar ƙididdiga ta ƙasa, NBS, kuma mai yiwuwa ne gidanka yana nan a darajarsa, naira ce ta yi ƙasa. Ka ɗauki tayin, ka cire la'adar dillalai da kuɗin lauya, sannan ka kira magini mai amana ya lissafa maka abin da za a kashe a yau wajen sayen fuloti a wannan layin da tayar da gida irin naka tun daga tushe har fenti. Idan tayin bai kai wannan lissafin ba, amsarka ga mai taye ita ce albarka.

Gaskiya ne akwai alamun motsi, domin naira ta ɗan tsaya a kusa da 1,500 tsawon watanni a 2025, kuma idan kuɗi ya daina rawa masu saye sukan sami ƙarfin halin fitowa. Amma alamar da na fi yarda da ita ba ta bakin dillali ba ce, tunda shi abincinsa yana cikin faɗuwar ciniki, ko ka ci riba ko ka faɗi. Ka je wurin mai unguwa, wanda galibi yake sa hannu a takardun ciniki, ka tambaye shi gida nawa aka sayar a unguwar cikin watanni shida, wata nawa kowanne ya yi a kasuwa, kuma an biya kuɗin a dunƙule ne ko kuwa an ba da kafin alƙalami aka shiga jan ƙafa. Kuɗin da aka sa wa gida daban, kuɗin da ya shiga asusun mai gida daban.

Batun takardu ma yana ƙara ko rage miliyoyi. Tun bayan rusau ɗin da aka yi a Kano a watan Yuni na 2023, masu saye suka ƙara tsananta bincike, kuma mai kuɗi na gaske ba zai biya ba sai lauyansa ya duba fayil a KANGIS, hukumar adana bayanan filaye ta Jihar Kano. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta shar­ɗanta amincewar gwamna kafin a mayar da mallakar fili mai satifiket zuwa wani suna, don haka idan har yanzu sunan wanda ya sayar maka ne a kan takardar, ka gyara wannan tun kafin ka sa gidan a kasuwa. Idan kuma layinku ba ya riƙe ruwa, ka nuna gidan a watan Agusta, domin mai saye da ya ga busasshen tsakar gida da silin marar tabo bayan ruwan sama mai ƙarfi ba ya yawan neman ragi.

Da ni ne a matsayinka, Malam, ba zan sayar ba a shekarar farko ta komawa Abuja. Kuɗin gida mai kyau a Rijiyar Zaki da wuya ya saya maka irinsa a Gwarinpa, sai dai ka nufi Kubwa ko Lugbe, ko ka tsallaka Mararaba a Jihar Nasarawa, kuma ba ka san unguwar da za ta dace da aikinka da makarantar yara ba sai ka zauna. Gidanka yana kan hanyar Gwarzo kusa da sabon mazaunin Jami'ar Bayero, inda malamai da ma'aikata ba sa daina neman haya, don haka kuɗin hayarsa zai rage maka nauyin hayar da za ka biya a Abuja. Idan kuwa bashi ko wata larura ta sa dole ka sayar, ka fara samun gidan da za ka saya, lauyanka ya tabbatar da takardunsa a AGIS, hukumar adana bayanan filaye ta Abuja, idan a cikin Abuja yake, ku yanke farashi a rubuce, sannan ka sallama naka, yadda kuɗin ba zai wuce mako biyu a asusunka ba. Allah ya zaɓa maka mafi alheri.