Amsa kan kalmar simony da inda ake amfani da ita

Malam, ka ce ka ci karo da kalmar simony a wani littafin tarihin Turai, kana kuma tambaya ko daidai take da cin hanci, har a iya amfani da ita ga ɗan siyasar da ya sayi kujera. A'a, ma'anarta ta fi haka ƙunci. Na daɗe ina koyar da tarihi a sakandare, kuma na lura ɗalibai ba sa riƙe wannan kalma sai an ba su labarin da ya haife ta.

Labarin yana cikin Littafi Mai Tsarki, a Ayyukan Manzanni sura 8. Wani mai sihiri ne a Samariya, sunansa Siman, ya ga manzanni Bitrus da Yohanna suna ɗora wa mutane hannu suna karɓar Ruhu Mai Tsarki, sai ya miƙo kuɗi yana roƙon a ba shi wannan iko. Bitrus ya tsawata masa, ya ce kuɗinsa su hallaka tare da shi, tunda yana zaton baiwar Allah abin saye ce. Daga sunan Siman ɗin nan aka ƙera kalmar. Saboda haka ma'anarta ita ce saye ko sayar da abu mai tsarki, musamman muƙamin coci kamar na bishop ko na fada, wato limamin coci.

Abin da ya sa take yawan fitowa a littattafan tarihi shi ne, a Turai ta ƙarnonin tsakiya muƙamin bishop yana tafe da gonaki da haraji da faɗa a ji, don haka masu hali suka riƙa saya wa kansu ko 'ya'yansu. Tun a shekarar 451 babban taron coci na Kalsidon ya haramta naɗa mutum don ya biya, amma abin bai daina ba. A 1045 Paparoma Benedict na 9 ya sauka ya bar wa Gregory na 6 kujera bayan kuɗi sun shiga tsakani, wanda hakan ya jawo aka raba Gregory da ita a taron coci na garin Sutri da ke Italiya a 1046. Gregory na 7, wanda ya hau a 1073, shi ne ya fi shahara da yaƙar wannan ɗabi'a.

Idan ina bayani ga ɗalibai Musulmi nakan tuna musu aya ta 41 a Suratul Baƙara, wadda ta hana musanya ayoyin Allah da 'yan kuɗi kaɗan, nan take sai su gane nauyin laifin. Sai dai a Turanci kalmar ta coci ce, kuma ban ga dacewar a ɗora ta kan limancin masallaci ko kujerar siyasa ba. Wanda ya sayi ƙuri'a ko ya ba da toshiyar baki, bribery ya yi.

Wajen rubutu, ba a sa mata ƙaramar kalmar nan ta Turanci "a" a gaba, ba a kuma cika yi mata jam'i ba. Za ka ga an rubuta accused of simony ko guilty of simony. Mai aikata laifin ana kiransa simoniac. Furucinta kuma iri biyu ne, saimoni ko simoni, duk ƙamus ya yarda da su.