Hitar motata ba ta ɗumi, gilashi kuma sai gumi: ina matsalar take?

Tambaya

Salamu alaikum, Masta. Ina da Corolla ƙirar 2004, irin waɗanda ake saukewa a tashar jirgin ruwa ta Tema. Duk watan Janairu nakan kai Hajiyata ganin dangi a Tamale, muna barin Aboabo ta Kumasi da zarar an sallame Asuba. Bana sanyi ya dame ta ƙwarai, na murɗa hita har ƙarshe amma iska mai sanyi ce ke fitowa. Gilashin gaba kuma ya riƙa gumi ta ciki, tun daga Ofinso har Tachiman ina gogewa da tsumma. Wani fita, wato mai gyaran mota, ya ce mini hita kayan Turai ne, in manta da ita. Haka ne?

Amsa

Wa'alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Ban ga motar ba, amma da wuya a ce hitar nan mutuwar kanta ta yi. Yawancin waɗanda ake kawo mana, kashe su aka yi, kuma mu masu gyara ne muka kashe su.

Hitar irin motarka ba ta da wata wayar wuta da ke yin ja kamar ta dafa ruwa. Ɗan ƙaramin lagireto ne, bai wuce girman littafi mai kauri ba, yana ɓoye a bayan dashbod. Ruwan da ke sanyaya inji, bayan ya ɗebo zafi, wani kaso nasa yana bi ta tiyo ya shiga wannan ɗan lagireton ya fita ta wani tiyon. Fanka ta huro iska ta cikinsa, iskar ta fito da ɗumi. Zafin da za a zubar a titi ne kake mora, shi ya sa kunna hita ba ya ƙara shan mai yadda esi ke yi.

To, ga abin da ke faruwa. Mota ta baro ƙasar ƙanƙara ta iso Magazin na Suame, rannan allurar zafi ta ɗan ɗaga, sai a ce tamostat ne, a ciro shi a jefar, wai nan ƙasar zafi ce. Wani ma ya haɗa fankar lagireto kai tsaye, da ka murɗa makulli ta tashi. Tamostat ɗin nan ƙofa ce kawai. Yana rufe hanyar babban lagireto har sai ruwa ya kai wajen digiri 82 a irin injinka, sannan ya buɗe. In babu shi, ruwa na zagayawa tun injin yana sanyi, kai kuma kana gudu da asuba iskar hunturu na dukan lagireto. Yaushe ruwan zai yi zafi? Dubi allurar nan gaba in ka ɗauki hanya. Idan ka wuce Ofinso tana nan kwance a ƙasa, sai ka shiga cunkoson Tachiman ta ɗan tashi, to tamostat ba ya ciki, ko yana ciki ya maƙale a buɗe. Kuma ba Hajiya kaɗai ke shan wahala ba. Kwamfutar motar tana ganin injin bai ɗumama ba, sai ta yi ta ƙara masa fetur, fulogi su yi baƙi, kai kuma ka yi ta zargin gidan mai.

Hanya ta biyu ta kashe hita ita ce yanke mata ruwa. Shekara da shekaru ana ɗura wa mota ruwan famfo ko na leda, tsatsa ta ci ɗan lagireton ya fara yoyo. Fitar da shi aiki ne na yini guda, don a motoci da yawa sai an kwance dashbod gaba ɗaya. Sai a zare tiyon biyu a haɗe bakinsu da guntun bututu, mota ta tashi, kowa ya huta. Ni ma na yi hakan ga mai tasi da ke neman na cefane a ranar, ba zan ɓoye ba. Laifin shi ne a sayar da motar ba a faɗa wa mai saye ba.

Kai da kanka za ka iya ganewa. Bari injin ya yi aiki ya ɗumama, ka kashe shi, ka ɗaga bonet, ka dubi bangon ƙarfen da ya raba inji da ɗakin mota. Za ka ga tiyo biyu masu kaurin babban yatsa suna shiga ciki kusa da juna. In ka tarar da bakin ƙarfe biyu tsirara, tiyon kuma an lanƙwasa shi ya koma kansa, ka samu amsarka. In suna haɗe, taɓa su a hankali. Ɗaya da zafi ɗaya da sanyi, ɗan lagireton ya toshe, a wanke shi da ruwa ta baya. Duka biyu da zafi amma iska na fitowa da sanyi, to ruwa lafiya, ƙofar da ke karkatar da iska ce ba ta motsi, galibi wayar da ke jan ta ce ta suɓuce. Wannan gyaran shan shayi ne. In kuwa kana jin ƙarar ruwa ƙulu-ƙulu a bayan dashbod, ko ɗumi ya zo kana gudu ya ɗauke kana tsaye, ruwa ya yi ƙasa ko iska ta shiga. Kada ka buɗe murfin lagireto injin na da zafi, ruwan yana cikin matsi, zai feso maka a fuska.

Sai gumin gilashi, wanda a wurina ya fi sanyin hatsari. Numfashinku ne. Mutum huɗu a mota, tagogi a rufe, gilashi ya kwana a waje ya yi sanyi, danshin numfashi ya sauka a kansa kamar yadda yake sauka a jikin kwalbar da aka ciro daga firij. Abin da ke ƙara ɓata lamarin shi ne maɓallin nan mai hoton mota da kibiya ta juyo a ciki. Kowa na danna shi da hunturu don gudun ƙura, amma ma'anarsa iskar ɗakin ce ke ta zagayawa, danshin ba ya fita. Alhali iskar hunturu busasshiya ce, ita da ke fasa leɓe da dunduniya. Buɗe mata hanya, ka juya iska zuwa gilashi, ka kunna esi tare da hita. Mutane na mamakin wannan, amma esi yana tsotse danshi daga iska, hita ta ɗumama ta, cikin ɗan lokaci gilashi ya washe. In babbar mota ta tayar da ƙura a gabanka, danna maɓallin, in ka wuce ka sake shi. Tsumman nan kuma ka raba shi da gilashi, maiƙon hannu da ƙura yake shafawa, fitilar mai zuwa ta watse maka a ido.

Amma ka shinshina. Idan gumin yana da santsi kamar mai, ga wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, ga shimfiɗar ƙasa ta jiƙe a gefen fasinja, to ba numfashi ba ne, ɗan lagireton ne ke yoyo. Wannan sai canji.

Ka kuma sa a ciro matatar iska, tana bayan akwatin da ke gaban fasinja. Na taɓa zaro wata bayan hunturu ɗaya, ta yi jawur da ƙasa, har da busasshen ganye da ɓawon gyaɗa, mai motar kuwa ya zo ne da niyyar sayen sabuwar fanka. In fankar ba ta tashi sai a lamba ta ƙarshe, ɗan abin da ke rage mata gudu ne ya ƙone, ba ita ba.

Abu ɗaya da ba na wasa da shi: in an gyara hitar, kada ku tsaya a Kintampo ku rufe tagogi ku yi barci injin na aiki. Tsohuwar mota ba ta rasa ɓular salansa ko ta ƙasa, kuma a cikin hayaƙin akwai iskar guba da ba ta da wari ko launi. Ciwon kai da jiri ne farkonta, mai barci kuwa ba ya jin su.

Je ka nemi tamostat na asali mai lambar digirin injinka, da sabon murfin lagireto, a wanke hanyar ruwa a zuba ruwan lagireto mai launi, a mayar da fankar lagireto kan na'urar da ke tayar da ita in ruwa ya yi zafi. Idan bayan haka zafi ya tashi, a duba lagireto da famfon ruwa da gaskit, don can cutar take tun farko. Kafin a gama, a sa wa Hajiya bargo a kujerar baya.