Kayan bindigar farauta: a saye su a haɗe ko ɗaya-ɗaya?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina zaune a Texas, Amurka, ina da lasisin farauta, kuma ina son haɗa bindiga ƙirar AR-15 da hannuna. Wani abokina ya ce kada in sayi kayan a kwali guda, in riƙa tsintar su duk inda aka karya farashi, wai tunda duk ma'aunin soja ne komai zai shiga. Ɗana zai riƙa harbi da ita, shi ne hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tunda wannan ce ta farko, sayi a haɗe. Ƙananan fil da sifirin na gangar jikin ƙasa, wato ɓangaren bindigar da kunama ke ciki, ba abin bi ɗaya-ɗaya ba ne, kuɗin aike kawai zai cinye rangwamen, ga shi in ɗaya ya yi tsalle ya shige ƙarƙashin kujera sai ka jira mako. Kunama ce kaɗai nake yarda mutum ya zaɓa daban, don ta cikin kwali yawanci tana da nauyin ja.

Amma maganar abokinka ce ta tsaya mini a rai, don kusan kullum sai na ji ta a shago: "Ai ya shiga." Shiga daban, dacewa daban. Wannan rubutu na ma'aunin soja da kake gani a jikin leda, babu wata hukuma da ke bin 'yan kasuwa tana tantance shi, kowa bugawa yake yi. Abin da ke tsare fuskar ɗanka shi ne tazarar da ke tsakanin goshin sakata, wato ƙarfen da ke kulle harsashi ta baya, da inda kafaɗar harsashi ke tsayawa a cikin bututu. A bututun harsashi samfurin .223, bambancin gejin (ƙarfen awon wannan tazara) da ya kamata sakata ta rufe a kansa da wanda bai kamata ba kusan inci 0.003 ne, kaurin silin gashi. Ido ba ya ganin wannan. In tazarar ta yi yawa kwanson harsashi ya miƙe ya tsage, iskar da matsinta ya kai nauyin fam 55,000 a kan kowane murabba'in inci ta nemi hanya ta baya, inda idon mai harbi yake. An taɓa kawo mini wata da sakatarta daga nan, bututunta daga can. Mai ita ya ce ya harba sau ashirin lafiya lau. Na zazzage kwansunan a tafin hannuna na nuna masa zobe mai ƙyalli kusa da gindin kowanne, alamar saura ƙiris su rabu biyu. Ya ce ai wani a YouTube ya ce geji ɓarnar kuɗi ne. Na tambaye shi ko mai bidiyon ne zai biya kuɗin asibitin ido.

Irin wannan "ya shiga" ɗin ne ke sa harsashin .300 Blackout ya zauna a bututun .223, sakata ta rufe, a ja kunama bindiga ta tarwatse. Shi ne kuma ke sa a ɗura harsashin 5.56 a ramin bututun da aka yanka don .223 kaɗai. Saboda haka sakata da bututu su fito daga hannu guda, kuma ko a haɗe ka saya, kai wa mai gyaran bindiga ya sa geji kafin harsashi na farko. Aikin minti biyar ne.

Gangar jikin ƙasa mai lamba kuwa, ita doka ke kira bindiga. In a shago ko ta intanet za ka saya, sai ta hannun dila mai lasisin tarayya, ka cike fom 4473 a binciki tarihinka. Bututun kada ya gaza inci 16, in ba haka ba ka faɗa ƙarƙashin dokar 1934 mai neman rajista ta musamman. Kuma ko fil ɗaya kada ka jefa a akwatin tsaraba in za ka gida.