Hukuncin Ɗaukar Matan Aure Hoto Cikin Kayan Barci da Amanar Hotunansu

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni mace ce, sana'ata ɗaukar hoto. Wasu matan aure sukan nemi in ɗauke su cikin kayan barci ko tufafin da ba su rufe jiki ba, domin su bai wa mazajensu. Shin ya halatta in karɓi wannan aiki, kuma mene ne ke wuyana game da hotunan da suke hannuna yanzu?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Miji ya kalli jikin matarsa halal ne, saboda hadisin da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito daga Bahzu ɗan Hakim, inda Annabi (SAW) ya umarci mutum ya kiyaye al'aurarsa sai ga matarsa. Sai dai wannan izini na miji ne, bai kai ga mai riƙe da kyamara ba, ko da mace ce, domin Muslim ya ruwaito daga Abu Sa'id al-Khudri cewa kada mace ta kalli al'aurar mace. Al'aurar mace a gaban 'yar'uwarta Musulma, a mazhabar Malikiyya da wajen mafi yawan malamai, ita ce abin da ke tsakanin cibiya da gwiwa. Duk hoton da zai bayyana wannan haramun ne ki ɗauke shi, kuɗinsa ma bai halatta ba. Idan mai ɗaukar hoton namiji ne, haramcin ya fi tsanani.

Abin da ke buƙatar nazari shi ne hoton da ya tsaya ga gashi da wuya da damtse. Kallonki gare su ya halatta, amma kallo yana ƙarewa da an tashi daga wurin, hoto kuwa yana nan. Bukhari ya ruwaito daga Ibn Mas'ud cewa an hana mace ta siffanta wa mijinta wata mace kamar yana ganinta. Idan an hana siffantawa da baki, ina ga hoton da ke nuna komai? Wayoyi da yawa suna tura hotuna da kansu zuwa ma'ajiyar intanet irin su Google Photos ko iCloud ba tare da mai wayar ta lura ba, hoton da aka goge daga katin kyamara sau da yawa ana iya dawo da shi, wani ma yana ɗauke da bayanin ranar da wurin da aka ɗauke shi. A shekarar 2014 an kutsa cikin asusun iCloud na wasu fitattun mata a Amurka aka watsa hotunansu na sirri. Ga kuma abin da mata ba sa son a faɗa: aure yana iya mutuwa, hoton ya saura a hannun wanda ya zama bare, wataƙila ma mai jin haushi. Saboda haka, bisa ƙa'idar toshe ƙofar ɓarna, abin da na rinjayar shi ne ki bar wannan ɓangare na sana'ar baki ɗaya.

Hotunan da ke hannunki kuwa, 'yar'uwa, amana ce, kuma aya ta 58 ta Suratun Nisa'i ta umarci a mayar da amana ga masu ita. Ki miƙa wa kowace mace nata hannu da hannu, sannan ki goge su daga kati da kwamfuta da ma'ajiyar intanet, har da kwandon shara na na'urar. Kada namiji ya gyara su ko ya wanke su, kada na'urar ta je wajen mai gyara alhali suna ciki, mijinki ma ba shi da damar ganinsu. Tallata aikinki da su a Facebook ko Instagram haramun ne ko da an yanke fuska, domin ana gane mace ta zobenta ko wani tabo a jikinta, kuma yardar matar da ke cikin hoton ba ta halatta shi, tunda suturce al'aura haƙƙin Allah ne. Aya ta 19 ta Suratun Nur ta yi gargaɗin azaba mai raɗaɗi ga masu son alfasha ta yaɗu a cikin muminai. Idan wani hoto ya riga ya fita ta hannunki, wajibi ne ki sanar da mai shi nan take, ki nemi a cire shi daga inda aka sa, ki nemi yafiyarta, ki kuma tuba ga Allah. Wallahu a'alam.