Hajiya, ki bar zancen karo tukuna

(An rubuta muryar nan saboda waɗanda ba su samu saurare ba.)

Salamu alaikum jama'ar gurup. Hajiya ina wuni, ina gajiya, ya yaran? Na ji saƙonki. Kin ce gidanku na gado da ke unguwar Bukoki a Yamai semi-dir ne, wato na laka mai rigar siminti, kina so a mayar da tsohon wurin wanka ya zama dush da wese, wato shawa da masai mai ruwa, a ciki, a kuma yi miki payas, wato teburin siminti na girki, a madafa, kina tambaya karo, wato tayil, mita nawa za ki saya a kasuwar Katako, kuma wane iri ne mai ƙarko. To ni abin da kunnena ya kama shi ne ɗan abin da kika faɗa a ƙarshe kamar ba komai ba, wai gindin bangon yana ɓarɓashi, fenti yana kumbura, wurin kuma yana wari in zafi ya yi. Nan aikin yake. Karo shi ne na ƙarshe, ki riƙe kuɗinki tukuna.

Yau da dare, in kowa ya gama da ruwa, a rufe duk famfunan gidan, a je da tocila wurin kwantar ruwa, wato na'urar da ke ƙirga ruwan da gida ya sha. In ɗan abin nan da ke cikinta yana juyawa ko a hankali ne, akwai tiyo da ke yoyo a ƙasa. Kuma kar ki jira kamfanin ruwa, SEEN ɗin da, da ta koma NDE, su iyakarsu kwantar, daga nan zuwa ciki naki ne. Gidajen Bukoki, Kalle, Gamkalle da Yantala ta da, yawancinsu galba aka binne musu, tiyon ƙarfe. Tsatsa tana cinsa ta ciki, ramin ya tsuke, ruwa ya rage ƙarfi, sannan ya huje a wajen zaren haɗi. Ba a facin galba mai shekara talatin. A yanke shi tun daga kwantar, a ja PPR, tiyon roba, mai lamba 25 a babban layi, mai 20 zuwa kowane famfo, a sa makullin ruwa ɗaya a ƙofar dush, ɗaya a madafa, don in wani abu ya lalace ba sai an kashe wa gida duka ruwa ba. PPR da inji ake narka shi a haɗa. In mai aiki ya bar shi ya daɗe a wuta, robar tana naɗewa ta toshe ciki, sai ki ga sabon aiki amma ruwa kamar hawaye. Kuma kar a rufe ramin da siminti sai an saki ruwa ya kwana a ciki an ga babu digo.

Sai bangon. Semi-dir ai bulon laka ne aka yi wa rigar siminti. Ki ƙwanƙwasa shi da mabuɗi, duk inda ya yi ƙarar ganga, simintin ya riga ya rabu da lakar. To wannan ne ake so a liƙa wa fayans, karon bango? Wallahi abin nan yana ba ni haushi. Magini ya zo, ya ga bango yana jiƙe, ya ce Hajiya a sa karo ya rufe shi. Ya rufe me? Laka numfashi take yi. Damshin da ke fita ta gaba in ka toshe shi, sama zai hau, ya ɓullo a bisa layin fayans ɗin, ko ya fita ta ɗakin da ke baya, wato ɗakin kwanan wani. Farin gishirin nan da kike gani a gindin bango shi ne shaida. Damina biyu, uku, fayans ya fara zubowa da simintinsa gaba ɗaya kamar ɓawon itace, lakar ciki kuwa ta zama kunu, bangon da ke ɗauke da rufi ke nan fa. Shi maginin ya karɓi kuɗinsa ya tafi, ana can ana yabonsa wai aikinsa da sauri. Kuma irinsu ne za su ce miki a ɗora sabon karo a kan tsohon daɓe ba tare da an fasa ba, wai don a rage kuɗi, ƙasa ta tashi santi biyar, ƙofa ta daina rufuwa, a kira kafinta ya yanke gindinta. To, bar wannan.

Abin da ake yi, a gina sabon bango na bulon siminti mai santi 10 ta ciki, da ɗan tushensa, a bar tazarar yatsa biyu tsakaninsa da lakar. Ɗakin zai ragu kaɗan, ki haƙura. Wasu suna kafa wayar kaji da ƙusa a jikin lakar su yi shafe a kai. A madafa, inda ruwa ba ya dukan bango, yana ɗan riƙewa. A dush ban yarda ba. In kuma za a fasa taga ko ƙofa a tsohon bango, sai an tokare rufi an zuba lanto, wato kankaren da ke ɗauke da bango a saman ƙofa ko taga, tukuna, a duba katakon rufin ko gara ta ci.

Yanzu fitar ruwa, wanda shi ne warin da kike ji. Wese tiyo mai 100 ko 110 yake so. Dush da lababo, wurin wanke hannu, mai 40. Madafa ma 40... a'a, madafa ki sa 50, saboda maiƙo da ruwan wankin tukunyar tuwo. Gangara santi 2 a kowace mita. Da nibo, ma'aunin magina mai ɗigon ruwa, ake aunawa, ba da ido ba. Duk wanda ya ce miki idonsa nibo ne, ki ba shi bokiti ya zuba ruwa a kusurwa mafi nisa ki tsaya ki gani. In ruwan ya tsaya yana kallonki, ko ya nufi ƙofa, a fasa tun siminti bai bushe ba. Gangara in ta yi kaɗan, ƙazanta ta kwanta a tiyo.  Kuma ramin ƙasan dush a sa masa sifon na gaskiya mai riƙe ruwa, ba faifan roba mai huji da ake ɗorawa a bakin tiyo ba. Ɗan ruwan da ke kwance a sifon shi ke tare wari da kyankyasai. A Afrilu da Mayu yana ƙafewa in an kwana biyu ba a yi amfani da wurin ba, sai a zuba masa moɗa ɗaya, ba wani gyara ba ne. Fos ɗin kuma, wato ramin da ƙazantar wese ke taruwa, a fitar masa da tiyon shan iska ya wuce kwanon rufi, a ɗaure bakinsa da raga saboda sauro.

Na ce fos, to ban ma tambaye ki ba ko akwai. In tsohuwar salga ce kawai, kar a juya mata ruwan wese mai tanki, kowane ja lita 6 ne ko fiye, za ta cika da wuri ta jiƙa gindin ginin. A yi fos mai ɗaki biyu da puizar, ramin da ruwan ke shanyewa cikin ƙasa, puizar ɗin ya nisanci bango aƙalla mita 3, in fili ya ba da 5 ya fi. Ruwan madafa kuma ya bi ta ƙaramin rega, ɗan rami mai murfi, mai tare maiƙo kafin ya shiga, a riƙa kwashewa. Ku mutanen Harobanda da Saga da ke saurare, ku taku daban ce, kun ga abin da ya faru a ambaliyar 2020, inda ruwan ƙasa yake kusa puizar ba ya shanyewa, cika yake yi ya dawo. Wannan sai wata rana.

Daɓen dush: a fasa tsohon, a zuba sabo, buhun siminti 1 mai kilo 50 da baro 2 na yashi mai tsabta, a sa Sikalite, garin da ke hana ruwa ratsa siminti, kilo 1 a kowane buhu. Simintin na Malbaza ne ko na Nijeriya, ki dai matsa buhun, in ya yi ƙulalai ya sha damshi, a bar musu. Shafen nan mai Sikalite ya hau bango har mita 2 a wajen wanka. In ya bushe a toshe sifon, a tara ruwa ya kwana biyu, a leƙa bayan bango.

Madafa ba ta da wuya. Payas tsayinsa santi 85 zuwa 90 har da karon, faɗi 60. In ke za ki riƙa tuƙa babbar tukunya, a sauke wajen murhun ƙasa da haka, in ba haka ba kafaɗa za ta gaya miki. Kuma tuƙin tuwon gidan yawa a bar masa wurinsa a tsakar gida, payas ba zai ɗauke shi ba. Butelin gaz kar a kulle shi a akwatin da ba huji. Gaz ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, don haka hujin shan iska a ƙasa ake yinsa. Tiyonsa akwai shekara rubuce a jiki, in ta wuce a canza. Wutar NIGELEC kuma, tsofaffin gidajen nan ba su da wayar ƙasa. A kafa ta, a sa difaransiyel mai 30 mA, na'urar da ke yanke wuta in ta kama mutum, waya 2,5 ga wuraren jona kaya, 1,5 ga fitila, kuma kar a sa wurin jona kaya ƙasa da santi 60 daga inda ruwan wanka ke zuba.

To karon naki. In dush ɗin mita 2 ne da 1,5, ƙasa mita kare, wato murabba'in mita, 3 ke nan, ki sayi 3,5. Bango kewayensa 7, tsayi 2, ya ba da 14, a cire ƙofa ya rage wajen 12,5, a ƙara kashi 10 cikin ɗari na yanka da fashewa, ki sayi 14. Amma a sake aunawa bayan an gina bangon ciki, don lissafin zai sauka. Simintin liƙa karo buhu 4 masu kilo 25. Na ƙasa ki ɗauki mai kaushi, ki jiƙa shi a shagon ki goga tafin hannu, mai sheƙin nan da sabulu shi ke karya ƙugun tsofaffi. Ki saye shi duka rana ɗaya, lamba ɗaya a jikin kwali, ki ajiye kwali guda a ɗaki, don bayan wata shida ba lalle ki samu irinsa a Katako ba. Farashi kuwa ba zan faɗa a gurup ba, gobe ya canza a ce na ce.

Ki sa yaro ya ɗauko mini hoton gindin bangon ta waje da ta ciki, da inda salgar take, ki kuma gaya mini abin da kwantar ta yi da daren. Sai na ji ki, a gaida Alhaji.