Amsa kan tutar Amurka da sauran alamomin da ake koya wa yara a makaranta

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, kin ce 'yarki mai shekara 6 tana dawowa daga makaranta da zanen tuta da mikiya da mutum-mutumin 'yanci, kina son sanin yadda za ki bayyana mata ma'anarsu, kuma hankalinki bai kwanta ba da alƙawarin da suke karantawa kowace safiya suna fuskantar tuta. A ƙasar nan na raini 'ya'yana tun daga ajin farko har suka gama sakandare, don haka zan faɗi abin da na ga ya yi amfani.

Yaro mai waɗannan shekaru ba ya gane manyan kalmomi irin su 'yanci da adalci idan an faɗa masa su haka kawai, amma yana riƙe abin da ya ƙirga da yatsansa da kuma labarin da aka ba shi. Ki shimfiɗa mata tutar ta ƙirga taurari 50, ki ce kowane ɗaya jiha ce, ta nemo jiharku a taswira. Layuka 13 kuwa yankunan da suka ɓalle daga mulkin Ingila ne a 1776, kuma tauraron ƙarshe, na Hawaii, sai a 1960 aka ƙara shi. Mikiya tana jikin hatimin ƙasar tun 1782. Labarinta yana burge yara, domin maganin ƙwari na DDT ya kusa ƙarar da ita, aka hana amfani da shi a 1972, ta sake yawaita har aka cire ta daga jerin halittun da ke cikin haɗari a 2007.

Inda nake so ki fi ba da ƙarfi shi ne mutum-mutumin 'yancin da ke birnin New York. Da farko ki tabbatar mata cewa ba abin bauta ba ne, babu wanda ke zuwa ya roƙe shi komai. Kyauta ce daga mutanen Faransa, Frédéric Bartholdi ne ya tsara shi, aka ƙaddamar da shi a 1886, kuma koren da ake gani launin jan ƙarfe ne da iska da ruwa suka sauya. A makaranta za a nuna mata fitilar da ke hannun dama da allon da ke ɗauke da ranar 4 ga Yuli 1776, wato ranar da Amurka ta ayyana 'yancin kanta, a ba ta labarin baƙi kimanin miliyan 12 da suka shigo Amurka ta tsibirin Ellis da ke kusa da shi tsakanin 1892 da 1954. Abin da sau da yawa ake tsallakewa shi ne tsinkakkiyar sarƙar da ke wajen ƙafafun. Wanda ya fara kawo shawarar kyautar, Édouard de Laboulaye, shugaban ƙungiyar yaƙi da bautar da mutane ne a Faransa a wancan zamanin, kuma Amurka ba ta haramta bautar ba sai a 1865, shekara 89 bayan ta ayyana 'yancin kanta. Haka ita ma tsohuwar ƙararrawa mai tsaguwa da ke birnin Filadelfiya, masu yaƙi da bautar ne suka raɗa mata sunan ƙararrawar 'yanci a shekarun 1830. Ina ganin yaro baƙar fata yana da haƙƙin jin wannan daga bakin iyayensa, a hankali kuma daidai ƙwaƙwalwarsa, domin ya san cewa alƙawarin da alamomin ke ɗauke da shi bai isa ga kowa a lokaci guda ba, sai da mutane masu kama da shi suka sha wuya a kansa.

Batun alƙawarin tuta kuwa, an rubuta shi a 1892, aka ƙara ambaton Allah a cikinsa a 1954. Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci tun 1943 cewa makarantar gwamnati ba ta da ikon tilasta wa ɗalibi ya karanta shi, ko da yake wasu jihohi, kamar Texas da Florida, suna neman takarda daga iyaye kafin a ɗauke wa ɗalibi karanta shi. Ni na bar nawa suna karantawa, saboda na ɗauke shi daidai da alƙawarin ƙasa da muka riƙa yi a filin taron safe a Najeriya, amma na san gidajen da suka zaɓi akasin haka bisa fahimtarsu ta addini, kuma ban ga laifinsu ba. Idan ke da maigidanki kun yanke shawarar kada ta karanta, ki je ki sami malamar ajin da kanki kafin lokacin, sannan ki faɗa wa yarinyar dalili cikin kalmomin da za ta iya maimaitawa idan 'yan ajinsu sun tambaye ta. Allah Ya raya mana su.